Dakashi: Yadda Duniya Ta Daɗe Ba Ta Fahimci Nono Ba

 Ga waɗanda data ba ta bari sun saurari sautin ba, ga shi an buga muku a rubuce kamar yadda aka saba.

Yau maganar nono za mu yi. Na san wani har ya fara murmushi, wata kuma ta sunkuyar da kai. Ku kwantar da hankalinku, tarihi ne da ilimin halitta, kuma babu wanda zancen bai shafa ba, tunda duk wanda ke jin muryata da shi ya fara rayuwa.

Abin da ya jawo shirin nan a gidanmu ya faru. Ƙanwata ta yi haihuwar fari, aka sallamo ta daga asibiti ran nan da yamma, ta wuto gida wankan jego. Kakarmu, wadda muke kira Inna, ta duba abin da ke fitowa, ta ga ruwa ne mai kauri, rawaya-rawaya. Nan take ta yanke hukunci. Ta ce wannan dakashi ne, dauɗa ce, a tatse a zubar, a riƙa ɗiga wa yaro ruwan ɗumi har nono na gaskiya ya zo. Ta ƙara da cewa sai an tatsa a ludayi an jefa tururuwa a ciki. In ta fito da ranta nono lafiya lau ne, in ta mutu mugun nono ne. Na ce, "Inna, ai a asibiti cewa suka yi a ba shi yanzu-yanzu." Ta harare ni ta ce, "Kai maigidan, ina ruwanka da sha'anin jego? 'Ya'ya tara na haifa, ubanka ma haka na yi masa."

To, na koma na zauna na yi karatu, da niyyar in samo abin da zan kayar da Inna. Abin da na tarar ya sa na rage baki. Ashe ra'ayin nata ra'ayin manyan likitocin duniya ne na kusan shekara 2,000.

Mu fara da birnin Rum, wajen shekara ta 100 Miladiyya. Akwai wani likita Bagirke mai suna Soranus, mutumin garin Afisa, wanda kangonsa ke cikin Turkiyya ta yau. Littafinsa kan haihuwa da cututtukan mata ya zama madogara ga ungozomomi da likitoci na ƙarnoni masu yawa. Shawararsa ita ce a bar jariri kamar kwana 2 ba a ba shi abinci ba, sannan a lasa masa dafaffiyar zuma. Nonon uwarsa kuwa, ya ce na kusan kwana 20 na farko ya yi kauri da yawa, ba ya narkewa a ciki, gara a nemo wata mace ta shayar da shi. Har gwaji ya bayar: a ɗiga nono a kan farce. In ya zube kamar ruwa ya yi tsinkewa, in ya tsaya cak ya yi kauri, mai kyau shi ne wanda ya bazu a hankali. Kun ga shi da farce, Inna da tururuwa.

Me ya kai su ga wannan tunani? Tun kafin Soranus, Aristotil ya koyar da cewa nono jini ne da zafin jiki ya dafa har ya yi fari. Jalinus, babban likitan da ya zo bayan Soranus, ya ƙarfafa maganar. Hujjarsu a fili take: mace mai ciki ba ta ganin al'ada, mai shayarwa ma sau da yawa ba ta gani. Sai suka ce jinin nan ne yake ciyar da ɗan tayi, bayan haihuwa kuma ya hau sama ya koma nono. In haka ne, na farkon da ya fito da kauri da launi ai bai gama dahuwa ba kenan. Wannan fahimta ta kama zukata har ta kai Liyonado da Binci, mai zanen nan na Italiya, wajen 1490 ya zana jikin mace da wata jijiya da ta taso daga mahaifa ta nufi nono. Babu wannan jijiya a jikin kowace mace. Abin da littafi ya gaya masa ya zana.

Shayar da ɗan wani tsohon abu ne a duniya. Mu Musulmi mun san Halimatus Sa'adiyya, mun san shayarwa tana haramta aure, mun san Alƙur'ani ya ambaci shekara 2 ga mai son cika shayarwa. Amma a Turai ta ƙarni na 18 abin ya koma kasuwanci maras tausayi. A 1780 shugaban 'yan sandan Faris, Lenuwa, ya ƙiyasta cewa cikin jarirai kusan 21,000 da ake haifa a birnin duk shekara, kamar 1,000 ne kawai uwayensu ke shayarwa. Wasu 1,000 ana ɗauko musu mai shayarwa ta zauna a gida. Sauran duk ƙauye ake tura su, hannun matan da talauci ya sa suke karɓar jarirai fiye da ƙarfinsu. Da yawa ba sa dawowa.

A nan ne wani likita ɗan Suwidin ya shigo, Kal Liniyas, wanda ya tsara yadda ake raɗa wa tsirrai da dabbobi sunan kimiyya har gobe. A 1752 ya fitar da wata 'yar maƙala yana yaƙar wannan al'ada. A ciki ya ce nonon farko yana da aiki, shi ke wanke cikin jariri ya fitar da baƙin kashin nan na farko. Shekara 4 kafin shi wani likitan Ingila, Wiliyam Kadogan, ya yi irin wannan kira. Sai a 1758, a bugu na 10 na littafinsa na tsarin halittu, Liniyas ya tattara mutum da saniya da jemage da ɓera da giwa a aji guda, ya raɗa musu suna Mammaliya, wato ma'abota nono. A wannan bugun ne ya ciro manyan dabbobin teku irin su wel daga cikin kifaye ya kawo su ajinmu, domin suna shayar da 'ya'yansu.

Ku lura, yana da zaɓi. Duk dabbobin nan suna da gashi ko da kaɗan ne, zai iya kiransu masu gashi. Wata malamar tarihin kimiyya, Londa Shibinga, ta yi bayani a 1993 cewa zaɓen nono da ya yi yana da alaƙa da yaƙin da yake yi na mata su shayar da 'ya'yansu da kansu. Ko ma mene ne dalilinsa, sunan ya zauna, kuma ya dace. Ayun da ke kogin Binuwai da Neja a ruwa yake rayuwa kamar kifi, amma macen tana da nono a hammata. Jemage yana tashi kamar tsuntsu, amma ɗansa a ƙirjin uwa yake maƙale yana tsotso.

Yawan kan nono ma yana tafiya ne da yawan 'ya'yan da dabba ke haifa. Tun ɗan tayi yana 'yan makonni, wasu layuka biyu ke fitowa a fatarsa daga hammata zuwa matsematsi, kuma a kan layin nan nono ke tsirowa. A mutum da giwa biyu ne ke tsayawa a ƙirji. A akuya da tunkiya biyu ne a hantsa, saniya da raƙuma huɗu, karya takwas zuwa goma. Ɓeran nan da ke yaɗa zazzaɓin Lassa a ƙasarmu yakan kai 24. Shi ya sa za ka ga wani mutum, namiji ko mace, da ɗan ƙarin kan nono a ƙasan ƙirji kamar tawadar Allah. Ragowar wancan layi ne.

Ana cikin haka wata dabba ta zo ta rikita lissafi. A 1799 wani masani a gidan tarihi na Landan, Joj Sho, ya karɓi busasshiyar fatar wata halitta daga Ostareliya: baki irin na agwagwa, gashi irin na ɓera, ƙafafu masu fata tsakanin yatsu. Ya ɗauka wani ne ya ɗinka don ya yi musu wasa da hankali. Ita ce filatifus. Tana da gashi, amma an duba ko'ina ba a ga kan nono ba. A shekarun 1820 wani Bajamushe, Mekel, ya feɗe macen ya ce ya ga glandar nono a ƙarƙashin fatar cikinta. Babban masanin Faransa, Jofuruwa Santilar, ya ce sam, glandar wari ce. Dalilinsa shi ne mutanen ƙasar sun ce dabbar ƙwai take yi, kuma a tsarinsa mai ƙwai ba ta shayarwa. Aka yi ta ja-in-ja har 1884, lokacin da wani matashi ɗan Sikotilan, Wiliyam Kaldwel, ya je bakin kogin Banet a jihar Kwinslan, mutanen asalin ƙasar suka taya shi nema, ya ga ƙwan da idonsa, ya buga waya zuwa taron masana a Montiriyal. Ashe duka biyun gaskiya ne. Tana yin ƙwai, tana kuma shayarwa. Nonon yana tsattsafowa ta ƙofofin fata kamar gumi, 'ya'yan su lashe daga gashin cikinta.

Wannan dabba ta nuna abin da masana suka tabbatar daga baya: nono glanda ce ta fata, 'yar'uwar glandar gumi irin ta hammata. Glanda kuwa ita ce duk wata gaɓa da aikinta haɗa wani ruwa ta fitar, kamar wadda ke kawo yawu a baki.

To, yaya cikinsa yake? A 1840 wani likitan fiɗa na Landan, Astili Kufa, ya ɗura narkakken kakin zuma mai launi a cikin hanyoyin nonon gawarwaki, ya bari ya daskare, ya fitar da zane. Sai ga abu kamar bishiya. Rassa sun taso daga kan nono sun rarrabu, a ƙarshen kowane reshe akwai 'yan jakunkuna cunkus kamar nonon inabi. A cikin jakunkunan nan ake yin aikin. Ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe bangonsu suna zuƙo ruwa da sukari da maiƙo da sinadaran gina jiki daga jinin da ke kewaye, su sarrafa su, su haɗa sabon abu wanda babu shi a cikin jini, kamar sukarin madara da ake kira laktos. A saniya sai jini kamar lita 400 zuwa 500 ya ratsa hantsa kafin a sami lita 1 ta madara. Kun ga Aristotil bai faɗi ƙasa warwas ba. Daga jini ake ɗebo kayan haɗin, sai dai babu ruwan jinin al'ada a ciki, kuma babu wata dahuwa da ake jira.

Zanen Kufa ya yi shekara fiye da 160 a littattafan likitanci kusan ba a taɓa shi ba. Sai a 2005 wasu masu bincike a Jami'ar Yammacin Ostareliya suka duba mata masu shayarwa da na'urar hoton ciki. Suka tarar hanyoyin da ke buɗewa a kan nono kamar 9 ne a matsakaici, ba 15 zuwa 20 da ake koyarwa ba. Wasu 'yan randuna da aka ce suna tara nono a bayan kan nono kuwa, babu su. Kakin da Kufa ya ɗura ne ya kumbura wurin. Wani abin kuma da ya kamata 'yan mata su ji: yawancin bambancin girman nono kitse ne. Ƙaramin nono yana iya ƙosar da jariri sarai. Glandar tana fara girma lokacin balaga, ba ta kammala ba sai da juna biyu, bayan yaye kuma yawancin jakunkunan su shanye su jira wani cikin.

Saura tambaya: wa ke ba ta umarni? A da an ɗauka jijiyoyi ne kawai. A 1910 wasu likitoci biyu a Filadelfiya, Ot da Sikot, suka yi wa akuya allurar ruwan wata 'yar glanda da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda girmanta bai wuce ƙwayar wake ba a jikin mutum. Nan da nan madara ta zubo. A 1928 wasu a Sitirasbog ta Faransa suka sa zomaye yin nono da ruwan ɓangaren gaba na wannan glanda. A farkon shekarun 1930 Oska Ridil a Amurka ya ware sinadarin, ya sa masa suna furolaktin. Da tantabaru ya yi gwajinsa, don masu kiwon tantabara sun san uwa da uba duk suna ɗura wa 'ya'yansu wani farin abu daga maƙoshi, kuma wannan sinadarin ne ke sa shi. Na biyun, wanda ya zubo da madarar akuya, shi ne oksitosin. A 1953 Binsan du Binyo ya haɗa shi a ɗakin gwaji, ya ci kyautar Nobel a 1955.

Ga yadda suke aiki. Lokacin ciki, mabiyiya tana fitar da sinadarin da ke danne aikin furolaktin. Da zarar ta faɗo, birki ya saki, cikin kwana 2 zuwa 3 nono ya cika. Shi ya sa in guntun mabiyiya ya saura a ciki nono yakan ƙi zuwa. Duk lokacin da jariri ya kama, saƙo yana tafiya ƙwaƙwalwa. Furolaktin ya ce a ƙera wani, oksitosin ya matse wasu 'yan zaruruwa da suka naɗe jakunkunan, nono ya taho. Oksitosin ɗin nan kuma shi ke matse mahaifa, shi ne ciwon marar da mai jego ke ji in tana shayarwa, kuma yana taimakawa wajen rage zubar jini.

A 1941 wasu masu bincike, Ili da Pitasan, suka yi wani gwaji mai ban dariya. Ana shirin tatsar saniya sai su ɗora mata kyanwa a baya, su riƙa fasa jakar takarda a kusa da ita. Madara ta ƙi fitowa, alhali hantsa cike take. Tsoro ne ya tare hanyar. Bafulatana ba ta buƙatar a gaya mata wannan. Ta san sai an kwanto maraƙi daga dangwali ya ɗan tsotsa kafin saniya ta saki. Haka mace take. Mai jegon da aka cika da faɗa da gori da "ke ba ki da nono", jikinta zai riƙe ko da akwai. Kuma ƙa'idar glandar ita ce, gwargwadon yadda aka kwashe, gwargwadon yadda take ƙerawa. In an cika cikin jariri da ruwa ya rage tsotso, nono ya ragu, sai a ce ai ga shi dama ba ta da shi.

Yanzu mu dawo kan dakashi. A 1892 Paul Erlik a Jamus ya riƙa ba ɓeraye gubar ƙwayar zurma da ta idon zakara kaɗan-kaɗan har jikinsu ya sami kariya. Sai ya yi musanyen 'ya'ya. Ya ɗauko jariran ɓerar da ba ta da kariya ya ba mai kariya ta shayar. Jariran suka sami kariyar. Wannan ne ya fara nuna cewa garkuwar jiki tana bin nono. A 1922 Tiyobal Simit da Ralf Litil a Amurka suka gwada da maruƙa. Guda 10 da aka bari suka sha dakashi duk sun rayu. Cikin 12 da aka hana, 8 suka mutu, ɗaya aka yanka yana gargara. Ƙwayoyin cutar hanji ne suka shiga jininsu.

Ɗan Adam ya ɗan fi maraƙi sa'a, domin yana samun wani kaso na garkuwa ta mabiyiya tun yana ciki. Amma hanjinsa sabo ne fil. A farkon shekarun 1960 Las Hanson a Suwidin ya gano wani nau'in garkuwa da ya yi yawa a nonon mace, musamman a dakashi, wanda ke shafe bangon hanji kamar yaɓe, ya hana ƙwayoyin cuta kamawa. Jikin uwa yana ƙera shi ne daidai da cututtukan da ita ta ci karo da su a gidan da yaron zai zauna. Launin rawayan kuma na sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A ne, irin wanda ke cikin karas da manja. Kaɗan yake fitowa, cokali-cokali, saboda cikin jariri a ranar farko bai fi haka ba. A 2006 aka buga wani bincike da aka yi a yankin Kintampo na Gana kan jarirai kusan 11,000. Masu binciken suka ƙiyasta cewa da za a sa kowane jariri a nono cikin awa 1 da haihuwa, da an kauce wa kashi 22 cikin 100 na mace-macen watan farko.

Kafin wannan ilimi ya gama bayyana, kasuwa ta riga ta shigo. A 1865 masanin sinadarai Libig ya haɗa abincin jarirai da madarar shanu da garin alkama. A 1867 Henri Nestlé ya fara sayar da nasa a garin Bebe na Suwizalan. Ga marayan da ba shi da mai shayarwa, wannan taimako ne. Matsalar ita ce kowace dabba da irin nata nono. Wata dabbar teku ta yankin ƙanƙara, dangin sil, kwana 4 kacal take shayarwa, kuma kusan kashi 60 na nononta maiƙo ne. Na mutum maiƙo kamar kashi 4 ne, sukari kamar 7, sinadarin gina jiki kamar 1. Na saniya ya ninka namu sau 3 a sinadarin gina jiki, don maraƙi sauri yake ya yi nama, kuma wannan nauyi ne ga ƙodar jariri. A dangin kangaru ma uwa ɗaya tana fitar da nono iri biyu a lokaci guda, wani ga jinjiri, wani ga yayansa.

Wata likita 'yar Jamaika, Sisili Wiliyams, ta yi aiki a asibitin yara na Akra tun ƙasar tana Gwalkwas. A 1933 ta bayyana wata cuta ta kumburi da jan gashi da saɓar fata, a 1935 ta kira ta da sunan da 'yan ƙabilar Ga ke kiranta, kwashiyoko, cutar yaron da aka ture daga nono saboda ƙani ya zo. Da aka mayar da ita Singafo ta ga ana tallar madarar gwangwani ga matalauta, a 1939 ta yi wata lacca mai zafi inda ta kwatanta abin da kisan kai. Uwa ta ga talla, ta fara ba da kwalba, nononta ya ƙafe, kuɗin gwangwani ya gagara, ta riƙa tsinka shi da ruwan da ba shi da tsabta, gudawa ta biyo baya. A 1974 wata ƙungiyar agaji ta Landan ta fitar da rahoto kan haka, a 1977 aka fara ƙaurace wa kayan Nestlé a Amurka, a 1981 kuma babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙa'idar hana tallar abin da ke maye gurbin nono. Ƙasashe 118 suka amince, Amurka kaɗai ta ƙi.

Ina muke a yau? Shawarar likitoci ita ce a sa jariri a nono cikin awa 1, a ba shi nono zalla wata 6 ba ko ruwa, sannan a haɗa da abinci har shekara 2. Masu cewa zafin Sakkwato ko Maiduguri ya yi yawa su sani kusan kashi 87 na nono ruwa ne, uwar ce ke buƙatar ta sha. Ƙididdigar lafiya ta Najeriya ta 2018 ta nuna kashi 29 ne kawai na jariran da ba su kai wata 6 ba suke kan nono zalla. A 2016 mujallar likitoci ta Lancet ta ƙiyasta cewa inganta shayarwa zai ceci yara fiye da 800,000 a duniya duk shekara. Amma don Allah kada wani ya ɗauki wannan ya je yana gorin matar da ciwo ko wata larura ta hana ta shayarwa. Ita asibiti za a kai ta a nemi mafita, kuma akwai halin da madarar gwangwani ita ce daidai.

Kuna son jin yadda muka ƙare da Inna? Duk sunayen Turawan nan ko ɗaya ban kawo mata ba, na san ba za su yi tasiri ba. Inna mai kiwon awaki ce tun tana budurwa. Na ce, "Inna, in akuyarki ta haihu, kina tatse dakashin ki hana ɗan?" Ta ce, "Haba, ai sai ya mutu." Na ce, "Mu kuma da kike dafa mana ragowarsa muna yara, muna rububi, ya kashe mu?" Ta yi shiru. Na ce tururuwar ma danƙo da kauri ne ke riƙe ta ta nutse, ko a zuma aka jefa ta haka za ta yi. Can ta ce, "Ɗan nema, bakinka ya fi ƙarfina. A ba shi, amma ruwan wanka da kunun kanwa ba mai hana ni." Ashe ma ƙanwar tawa tun a asibiti ta riga ta ba shi, kunya ce ta hana ta faɗa. Maganar kunun kanwa kuwa wani shirin ne mai zaman kansa.

Saƙona ga samari masu shirin zama iyaye: ranar da aka yi muku haihuwa, kada ku tsaya a ƙofar gida kuna karɓar barka kawai. Ku tambaya ko an sa yaro a nono. In an ce ana jira dakashi ya wuce, ku yi magana da ladabi, don tsofaffin nan ƙauna ce ta sa su, kuma kun ji manyan likitoci ma sun daɗe a kan wannan kuskure. Ku tabbatar mai jego ta ci ta ƙoshi, ta sha ruwa, an bar ta ta huta ba hayaniya.

Nan za mu dakata. Allah ya raya mana zuri'a, ya saka wa iyayenmu mata da alheri.